Ɗigon Mai a Kan Gilashi

Jiya a ɗakin gwajin jini a Yelwa na ji ƙamshin man da ake ɗigawa a gilashi, sai Baba ya faɗo mini a rai. A da shi ke gwaji a asibitinmu, ni nake wanke masa gilasai.

Ranar da 'yata ta kwanta zazzaɓi, na nace sai na leƙa jininta a madubin likita. Komai a karkace, dishi-dishi.

"Baba, jinin ya lalace ne?"

Ya yi dariya. "Ke dai da fargaba! Abin da ke can ƙasa yakan yaudari ido." Ya ɗiga mai, ya murɗa madubin a hankali, ƙwayoyin suka fito tas. "Zazzaɓin cizon sauro ne, za ta tashi."

Ta kuwa tashi. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.