Neman Samartakar Baba a Rogo

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanena, muka bi hanyar Gwarzo. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, kuma mu a tsoho muka san shi, mai ciwon ƙafa, marar yawan magana. Da muka ji cewa amininsa na ƙuruciya yana nan da rai a Rogo, muka ce gara mu je tun muna da mai ba mu labari.

A Karaye muka karya da ƙosai da kunu. Masu kifi sun fito da na dam ɗin da ke wajen ƙauyen Turawa, manya ƙwarai, ga araha, har ƙanena ya fara zancen dawowa garin da zama. Daga nan hanya ta lalace. Masara da rake ta ko'ina, mota tana rangaji, wata tsohuwa cikin fasinjoji tana ta salati a kowane rami.

A Rogo Sabon Gari muka sami tsohon a zaurensa. Tsohon malamin Turanci ne na firamare, idonsa ya yi rauni, amma ƙanena na yin sallama ya ce wannan muryar Babanmu ce sak. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a, na roƙe shi ya gaya mana yadda Baba yake da samartaka.

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, kalma ɗaya na sani da ta dace da shi, kuma ta Turawa ce: dashing."

Na tambaya ko ɗan gayu yake nufi. Ya girgiza kai, ya ce gayu a tufafi ya tsaya. Wannan kuwa sai namijin da ya haɗa kwalliya da ƙarfin zuciya, wanda in ya shigo kowa sai ya waiga. Matsoraci ko ya sa shadda ba a kiransa haka.

Sannan ya ba mu misali. Wata damina, Baba ya taso daga Karaye zance wajen mahaifiyarmu, ya tarar rafi ya kawo, mutane sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa. Ya ɗaga kekensa sama, ya shiga ruwan da fararen kayansa, hula a karkace, yana waƙa har ya haye. Ina saurare ina ƙoƙarin hango wannan saurayin a fuskar da na sani, na kasa. Hawaye suka zubo mini.

Bayan magariba muka iso gida, na kwashe labarin na gaya wa Umma. Ta yi 'yar dariya.

"Bai gaya muku da takalmi ɗaya Babanku ya iso ba?" Ta juya tana share ido da bakin mayafi.

Tafiyar ta koya mini cewa iyayenmu sun yi wata rayuwa kafin mu zo, kuma ba sa faɗa sai an tambaya. Ni ban tambayi Baba ba. Umma kuwa tana nan, kuma na fara tambayarta.