Farcen Marini

Ni fa babu ruwana a maganar nan tun farko. Ina bakin kasuwar Azare ina tsokanar masu bandar kifin Katagum, ina ce musu kifinsu ya girmi kakata, sai aka ce Inna na kira. Ina zuwa ta miƙo mini aska, wai in yanke wa Baba farce.

Na ce, "Inna, masu yankan farcen garin nan annoba ce ta kwashe su?"

Ta ce uku ta kira, duka ukun ya kora. Yayanmu kuwa dubagari ne, yana can yana leƙa randunan mutane. Saura ni, da na yi aji biyu a elemantare na sallami boko.

Baba marini ne. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa da launin hannun mutane ba. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu shuɗi ne, farcen har ya koma baƙi yana ƙyalli. In zufa ta karyo masa ya share da gefen riga, sai ya bar shaida. In ya damƙi wuyan taguwata kuwa, unguwa duka ta san na yi laifi.

Sai ciwo ya kayar da shi a bakin karofi, inda ramukan rini suke, ɓarin hagu ya shanye. Wata biyar yana kwance. Fatar hannun ce ta fara sakin shuni, tafin ya koma fari da laushi kamar na jinjiri. Farce ya fi taurin kai, amma shi ma fari ya ɓullo masa daga gindi yana tura shuɗin gaba. Abu guda ke nan da na tsira da shi daga makaranta: farce daga gindi yake tsirowa.

Baba ya daina ba mutane hannu. In abokan sana'a sun zo dubiya, sai ya cusa shi cikin mayafi. Tuwo ma sai Inna ta fita yake ci, daga baya ya koma loma biyu ya ture kwano. Wannan ne ya hana Inna sukuni.

Na zauna gefen tabarma na ce, "Baba, kawo hannu. Farcen nan ya isa a yi noman gyaɗa da shi."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe kafin ya fito da na dama. Farcen ya yi zaƙo-zaƙo, duk fari, sai ɗan shuɗi siriri a baki kamar jinjirin wata.

Harshensa ya yi nauyi, amma na ji shi sarai. "In ka yanke, shi ke nan."

"Mene ne shi ke nan?"

"Wa zai san ni?"

Na aje aska, na ɗauki tulu na nufi karofi. Abokin Baba da ke kula masa da rami ya ce, "Kai ɗan banza, sha za ka yi?" Na ce miya za mu kaɗa. Ya dube ni, ya cika tulun da ruwan rini bai ƙara tambaya ba.

Na juye a tsohuwar tukunya gaban Baba na ce ya tsoma yatsu. Ya kawar da kai.

"Lalle za ka sa mini? Ni amarya ce?"

Sai na gane kuskurena. Na tuɓe farar taguwata ta makaranta, ita kaɗai ce shaidar na taɓa shiga aji. Na ce, "Aiki na kawo. Marinan garin nan duk sun lalace, an ce akwai wani tsoho a gidan nan."

Ya murza ta da yatsu biyu. Na yi kamar zan jefa ta a tukunya, ya daka mini tsawa.

"Jaki! Wa ya ce maka a bushe ake tsomawa? Jiƙo ta!"

Inna na bakin ƙofa, ta sa gefen zane a ido. Wata biyar ba a zagi kowa a gidan ba.

Shi ya tsoma da dama, ni na zama hagunsa ina matsewa. Taguwa ta fito kore, iska ta buge ta, ta juye shuɗi. Muka yi ta maimaitawa har la'asar. Da ya gamsu, ya miƙo mini hannu da kansa ya ce, "Yanke." Na yanke, Inna ta tara a tafinta ta kai bayan ɗaki ta binne. Ya ce a kawo tuwo tsakar gida.

Yana cikin ci sai ga Yaya da kaki da hula.

"Wace irin ƙazanta ce wannan? Ƙarƙashin farce cuta ke ɓuya, kun bar mara lafiya yana ci da hannu haka! A zubar da tukunyar nan, a kawo sabulu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta mu a kai gaban alƙali."

"Rufe mini baki, ɗan aji biyu!"

Muka kaure, shi yana karanto mini littafin tsafta, ni ina tambayarsa randa nawa ya kama yau. Na ga hannun Baba ya fara ja baya zuwa mayafi. Inna ma ta gani. Ta tura masa kwano kusa, ta dubi Yaya.

"Da hannun nan ya yi ta ba ka loma har ka girma ka san sabulu. Zauna ka ci, ko ka koma leƙen randa."