Zanen Fatar Kifi

Kakata Ige, wadda ta haifi Innarmu, ba ta tatsuniya sai a bakin murhun banda. A ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Wara, idan masunta suka dawo da la'asar takan karɓi tarwaɗa, ta wanke, ta lanƙwasa kowace ta soke da tsinke, ta jera bisa raga. Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta, kuma dole a zauna a tsare ta don kada ta lashe kifin. Mu jikoki mu ne 'yan taya zama. Hayaƙi yana sa mu hawaye, ƙarni yana kama mana tufafi, amma ba mai tashi.

A tsibiri aka haife ta, cikin waɗanda ruwa ya cinye da aka datse Kainji, shi ya sa duk labarinta a tsibiri yake faruwa. Kafin ta fara sai ta baje toka mai sanyi da tafin hannu, ta ɗauki kara. Duk wanda ta ambata sai ta zana shi: kai, wuya, ɗaurin zane, har da ɗigo-ɗigon adon jikinsa. Idan an zo wurin rawa kuwa, a zaune take yi, kafaɗu kawai suke motsi, amma sai ka rantse kana jin ganga. A wannan tokar na koyi zane, tun ban san za a wayi gari ina cin abinci da shi ba.

"To, ga tatsuniya ta taso daga ƙarƙashin ruwa," in ji ta. "Wa za shi tarbe ta?"

Mu ce mu ne.

Wadda ba na mantawa ita ce ta Kulu. Kulu budurwa ce da ba a taɓa yin mai rawa irinta ba a tsibirinsu. Zanenta ɗaya ne, saƙi, ya koɗe, amma idan ta shiga fage ba mai kallon zanen. Ana gab da bikin bayan girbi sai wata baƙuwa ta iso cikin jirgi, da wani zane mai walƙiya kamar rana ta faɗa kan ruwa. Ta ce wa Kulu irin wannan matan manyan birane suke sawa, kuma ba a ɗaura shi, manna shi ake yi da danƙo daga ƙirji har idon sawu. Kulu ta yarda. Ashe fatun kifi ne ɗanyu aka harhaɗa.

Da ta fito fage mutane suka zuba mata ido. Makaɗa suka bar kowa suka koma gabanta. Sai dai ƙafa ba ta ɗaguwa, ƙugu ba ya juyawa, tana jan jiki kaɗan-kaɗan. Jama'a suka ce ai sabuwar rawar birni ke nan. Washegari rana ta buga zanen, ya fara wari. Kafin biki ya yi nisa ƙudaje sun rufe ta, ruwa mai yauƙi yana bin ƙafarta, tsutsa tana faɗowa inda ta taka.

A nan Kaka takan ajiye kara ta toshe hanci da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana buga cinya.

"Haka sun ka yi," in ji ta. "Hanci a toshe, baki shina guɗa. Kowa ya ji warin, amma kowa na tsoron a ce masa baƙauye. Har iyayen wasu sun ka bi bakin ruwa suna neman matar jirgi, su ma a manna wa ɗiyansu."

Ranar da Kulu ta yanke jiki ta faɗi, aka zo ɓanɓare zanen, sai ya taho da fatarta. Ba ta mutu ba, amma ba ta sake rawa ba. Kaka ta tofar da yawu cikin toka, ta share zanen da ƙafa. "Tatsuniya ta koma ruwa. Ku tashi ku juya mini kifi."

Daren nan ban iya cin tuwo da miyar kifi ba. Mu yara mun ɗauka Kulu ce wawiya, mai son a gani. Inna ma haka ta ɗauka, domin duk lokacin da na yi kuka a kan kayan sallah sai ta ce, "Kulu ta tashi."

Na girma na koyi ɗinki a Yelwa. Yau ina da shago, kuma ba na taɓa almakashi sai na zana riga a takarda na nuna wa mai ita. Ina son sana'ata. Amma bara ta sa ni tashin zuciyar da ƙarnin banda bai taɓa sa ni ba.

Rukayya ɗiyar yayata Balki ce. A hannuna ta tashi, kuma tun tana ƙarama ko ƙarar injin niƙa ta ji sai ta taka. Ita ta zaɓi mijinta, malamin makaranta ne daga Shanga, yaron kirki. Ana saura 'yan makonni biki ciwon ciki ya kama ta, aka yi mata aiki. Likita ya ce kada ta matse wurin sai ya warke sarai. Na zauna na zana mata rigar dina mai saukowa daga kafaɗa, mai faɗi, wadda za ta juya a ciki yadda take so.

Yaya Balki ta riƙe takardar da yatsa biyu. "Hajara, wannan ai ta masu ciki ce. So kike a ce ɗiyata da ciki ta shiga ɗaki?"

Rukayya ta miƙo mini waya. Hoton wata amarya ce cikin riga mai ƙarafuna a ciki da igiya a baya, wadda ake ja har ƙugu ya koma kamar wuyan kwalba.

"Anti, ita nike so. Rana ɗaya ce fa."

Na ce ba da hannuna ba. Yaya ta yi fushi, ta ce dama ɗinkina na ƙauye ne, suka aika wa wani tela a wani gari.

Ranar dina ina ɗakin da ake shirya ta. Ƙawaye biyu suka kama igiya, ɗaya ta sa gwiwa a bayanta suna ja. Na ga leɓenta yana rawa a ƙarƙashin jan baki. Na ce a sassauta, aka ce in fita in ga ko mota ta zo. A motar ma ba ta iya zama ba, a kishingiɗe aka kai ta.

Da aka kira amarya fili, yarinyar da na sani da rawa ta tsaya tana jan ƙafa kamar mai koyon tafiya. Mutane suka kewaye ta da wayoyi suna liƙi. Na kutsa kamar zan gyara mata mayafi, sai na ji wani wari a ƙarƙashin turare. Na duba. A gefen cikinta, tsakanin duwatsun ado, yadin ya jiƙe da jini haɗe da ruwan ciwo, kuma yana ƙara faɗi.

Na jawo Yaya gefe na gaya mata. Ta leƙa, ta gani da idonta.

"Rufa mana asiri," in ji ta. "Bari a yanka kek."

Wata ƙawa ta zaro kwalba ta fesa turare a kan wurin. Mai hoto shi ma ya gani. Bai sauke kyamara ba, sai ya ce amarya ta ɗora jakar hannunta a nan, ta ɗan juya hagu, ta yi murmushi. Matan da ke kusa suka ja baya taku ɗaya, suna ci gaba da guɗa. Na kai hannu bayanta ina lalubar ƙullin igiya, ta riƙe mini yatsu, hannunta sanyi ƙalau.

"Anti, bari a gama hoton."

Ba a kai ga kek ba. Ta yi amai a gaban rigar, ta sulale. A asibiti sai da aka sa almakashi aka farke rigar kafin a kai ga ciwon. Ɗinkin likita ya buɗe, kuma ya yi ruwa. Makonnin farko na aurenta a gadon asibiti ta yi su, ango yana kwana a baranda. Ta warke, alhamdulillahi, sai dai har yau idan ta daɗe a tsaye takan dafe wurin.

Hotunan sun fito da kyau. Ba tabo, ba amai, jaka ta rufe komai. Suka zaga wayoyi daga Yelwa har Birnin Yauri. Ba a yi wata ɗaya ba sai wata mata ta shigo shagona da ɗiyarta, ta ajiye waya a kan tebur.

"Irin ta Rukayya muke so."

Na ba su kujera, na gaya musu abin da ke ƙarƙashin jakar nan, ban rage komai ba. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Uwar ta saurara har na gama.

"To ai ita aiki gare ta," in ji ta. "Tawa lafiyarta lau. Za ki iya ko mu tahi gaba?"

Suka tafi gaba.

Kaka ta rasu tun ban buɗe shago ba, ban samu na tambaye ta ba. Amma yanzu na tabbata ba Kulu take ƙyama ba. Yarinya ce, an nuna mata abu mai walƙiya ta so, kamar yadda Rukayya ta so. Wanda ke cikin riga yana da uzurin zafi da kunya da ƙuruciya. Waɗanda ba su da uzuri su ne na gefe, manya masu hankali, da suka ji warin sarai suka ci gaba da shewa don kada biki ya lalace. Na taɓa ɗauka a tatsuniya kawai ake samun irinsu. A daren dinar nan na san sunan kowannensu, kuma da yawa 'yan gidanmu ne.