Sunana a Kan Allo, Ni a Bakin Ƙofa

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni saurayi ne mai ji da kansa, haifaffen Jidda, jikan Katsinawan da suka tako da ƙafa zuwa aikin Hajji suka yi zamansu. Mahaifina ya samu takardar zama ɗan ƙasa, wadda muke kira tabi'iyya, tun lokacin da samunta ba wuya, ni kuma na gaje ta. Ban da ita ba mu mallaki komai ba sai ɗakunan katako da kwano a kudancin gari, amma in kun ga tafiyata a lokacin sai ku rantse rijiyar mai na gada. Ban rubuto don a tausaya mini ba, domin wanda ya haƙa wa kansa rami da hannunsa ba tausayi ya dace da shi ba. Na rubuto ne don na ga samari suna layi a bakin ramin nan har yau.

Ina ɗan shekara goma sha wani abu mahaifina ya kai ni wurin wani maƙerin zinariya ɗan Sanagal, a wani lungu bayan kasuwar Balad. Mutumin ya zo Hajji ne ya kasa rabuwa da ƙasar, yana zaune da iƙama, wato takardar zaman baƙo, a ƙarƙashin wani tsoho ɗan gari da ya tsaya masa a matsayin kafili. Aikinsa na zare ne: a ja zinariya ta zama siririya kamar gashi, a murɗa ta, a nannaɗe ta zama fure, sannan a liƙe da wuta ba tare da ta narke ba. Wannan liƙin shi ne ƙarshen sana'ar, kuma ba ya koya wa kowa shi sai hannun mutum ya nuna. Sun yi magana da mahaifina a gabana cewa in na ƙware za a buɗe shago da sunana, tunda doka ba ta bai wa baƙo wannan damar, ni in zama kafilinsa a takarda, shi kuma ya ci gaba da zama malamina a bakin wuta har ya tsufa. Wato sana'ata da zamansa a ƙasar nan duk a wuyana aka rataya su, kuma na sani sarai.

Na yi shekaru ina zuga wuta, ina jan zare, ina goge 'yan kunne, kuma a duk tsawon lokacin nan raina malamin nawa nake yi a zuci. Zinariya tana wucewa ta hannunsa kullum, amma rigarsa guda biyu ce. Shi da 'yan uwansa 'yan Sanagal, teloli da maƙera da masu dako, a ɗaki ɗaya suke kwana kamar kifin gwangwani. Da azahar su kewaye faranti guda na shinkafa da kifi, da yamma su shimfiɗa farin ƙyalle su yi wazifa, abin da suka samu kuwa sai ya bi alhazai zuwa gida, a ciyar da dangi, a rufa wa masallacin ƙauye kwano. Ba mai tunanin sayen fili, ba mai zancen faɗaɗa shago. Da an ji motar jami'an fasfo ta shigo unguwa sai ka ga manyan mutane masu gemu suna raɓewa a bayan ƙofa. Ni a ganina wannan ba tawali'u ba ne, mutuwar zuciya ce, kuma na ƙudura ba zan ƙare a tsugune gaban kasko ba.

Akwai wani ɗan Labanan da ke zuwa sayen aikinmu. Mahaifina Kwara yake kiran irinsu, kamar yadda ake kiransu a Kano, ni ma haka zan kira shi. Shi wannan Kwaran a Dakar aka haife shi, don haka yana jin yaren malamina kamar ya sha a nono. In ya zo sai ya cire takalmi, ya tsuguna, ya sa hannu a farantinsu, ya yi ta barkwanci har su yi dariya. Sannan ya fito da ɗan ma'auninsa ya auna kaya, ya zuba a aljihun kwat, ya tafi. Mutanensa ba da jirgin ruwan alhazai suke zuwa ba. Da jirgin sama suke sauka, ɗan baffa na jira da mota, banki ya san kawunsu, bakinsu na juya Faransanci da Turanci, ga kuma farar fatar da ke buɗe ƙofa tun kafin a ƙwanƙwasa. Kafin ka ce kwabo wannan ya kama otal, wancan ya kama kwangilar gini. Ba zan ce ba sa aiki ba, suna yi, kuma suna riƙe junansu. Amma tseren da aka ba wani doki aka bar wani a ƙasa, ba a yaba wa na kan doki da gudu.

Wata rana bayan fitarsa na kasa haƙuri, na tambayi malamina me ya sa shi da ya iya aikin yake lungu, wanda ko zuga wuta bai iya ba yake yawo da mota. Bai ɗago daga aikinsa ba, ya ce mini uban mutumin nan shi ya riƙa sayen gyaɗar uban shi malamin a can gida, ma'auni a hannunsa, yau kuma ɗan yana sayen aikin ɗan, ma'aunin bai sauya hannu ba. Ya ce abin da zai sauya shi kaɗai shi ne ranar da mai hannu da mai suna suka zama mutum ɗaya, kuma saboda ranar nan yake wahala da ni. Na ji maganar, amma kunnen ƙashi gare ni. Abin da na ɗauka kawai shi ne kura ce ke shan bugu gardi na kwashe kuɗi, kuma ni gardi nake so in zama.

Ba a jima ba Kwaran ya tare ni a hanya ya sa ni a motarsa, abin da ban taɓa samu ba. Ya kira ni ustaz, ya kira ni habibi, ya ce yana son buɗe babban shagon gwal a bakin titi, mai gilashi da na'urar sanyi, kuma ba wanda ya dace da shi sai ni, ɗan ƙasa mai kyan tsayi da ya san zinariya. Ya ce ni ne zan zama "wajha" ta shagon. Da irin lanƙwasar harshensu ta mutanen Sham, ni abin da kunnena ya jiyo shi ne wajaha, wato girma da martaba, irin ta manyan gari da ake miƙewa in sun shigo. Ni da aka haifa cikin Larabci, da na tsaya na yi tunani da na gane, amma kwaɗayi ya riga hankali isa kunne. Na koma gida ina ta maimaita kalmar kamar an naɗa ni sarauta.

Mahaifina ya ce kada in saki reshe in kama ganye, saura ƙiris in kai ga liƙi. Na ce masa zamanin tsugunno ya wuce. Da na je sallamar malamina ko zama ban yi ba, a tsaye na faɗa masa, sanye da sabuwar farar riga da Kwaran ya ɗinka mini. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaya ko na ci abinci. Na ce na ƙoshi. Ya ce to Allah ya sa alheri, ya mayar da kansa kan wuta. Har haushi na ji da bai roƙe ni ba.

Aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe a kan allon shago, na sa hannu a duk inda aka nuna mini. Aikina shi ne in tsaya a bakin ƙofa, in buɗe wa matan attajirai, in zuba gahawa, in jami'ai sun zo in fito in ce shagona ne. Makullin akwatin gwal yana hannun ɗan 'yar uwarsa da aka ɗauko daga Beirut, yaron da bai san bambancin zinariya da tagulla ba sai an gaya masa. A cikin gilashin kuwa ga 'yan kunnen da na ja zarensu da hannuna, an kwantar da su a kan ƙyallen karan-miski, ana gaya wa mata aikin Beirut ne, suna biya suna godiya. Wata safiya na ji Kwaran yana daka wa mai shara tsawa cewa ya goge wajha da kyau, ƙura ta rufe ta. Na waiwaya na ga mutumin ya nufi gilashin gaban shago da tsumma. A nan ne kalmar ta faɗo mini daidai: fuskar shago, abin da ake gogewa don masu wucewa su gani. Daga baya ma na ji shi a waya yana dariya, yana gaya wa wani ɗan uwansa cewa tasa wajhar ta fi gilashin araha.

Mai zuciya da a ranar ya tuɓe rigar ya tafi. Ni ban tafi ba. Sanyin na'ura ya yi mini daɗi, 'yan unguwa sun fara ce mini sheikh, kuma kunyar komawa lungu ta fi mini ciwo a kan zagin da na ji. Na yi aure a wannan matsayi, surukaina suna nuna wa mutane allon da ke ɗauke da sunana.

Sai kafilin malamina ya rasu, magadansa suka ce ba ruwansu da baƙi, ya nemi wani ko ya bar ƙasa. Ranar nan ce kaɗai na taɓa ganinsa a bakin babban titi. Ya zo da tsohuwar rigarsa wankakkiya, ya tsaya a gabana, ni na buɗe masa ƙofa kamar yadda nake buɗe wa kowa. Bai tuna mini alkawari ba, ya dai ce yana neman suna, ko nawa yana da sauran wuri. Kafin in buɗe baki Kwaran ya fito da fara'arsa, ya rungume shi, ya koma yarensu, ya ce sunana ya riga ya ɗaure da wannan shago, amma shi zai ɗauke shi a matsayin ma'aikaci, ga ɗaki a baya, ya riƙa yi musu aiki su kaɗai. Malamina ya ce ya gode, amma bai ƙetare teku don ya zama bawan ɗan mai sayen gyaɗa ba. Sannan ya juyo ya dube ni. Na san ina da ikon cire sunana daga allon nan in bi shi, doka ba ta hana ni ba, wahala ce kawai da tsegumin mutane. Na sunkuyar da kai ina gyara kofunan gahawa har ya fita. Bayan Hajjin shekarar ya bi jirgin ruwan alhazan ƙasarsu, ban je rakiya ba.

Da kuɗin mai suka ɓarke garin ya cika da dukiya, Kwaran ya ga sunan jikan Katsinawa ya yi wa shagonsa kaɗan. Ya samo ɗan wani babban gida, aka sauke allona aka ɗora nasa. Ya sumbace ni a kumatu biyu, ya ba ni kwalin alewar Sham, ya ce ni ɗan uwansa ne har abada. Na koma lungu wurin sauran 'yan Sanagal ina neman wanda zai ƙarasa mini sana'a. Sun karɓe ni, sun matsa mini wuri a bakin faranti, amma ba wanda ya matsa mini wuri a bakin wuta. Labarina ya riga ni isa. Na gwada liƙi ni kaɗai a gida da sarƙar matata, na mayar mata da ita dunƙule. Ƙarshenta tuƙin motar kaya na kama a unguwar masana'antu ta Jidda, a nan ƙarfina ya ƙare.

Lokacin auren 'yata ta fari na shiga wani shagon gwal na 'yan Labanan don in saya mata 'yan kunne. Na ɗauki guda na juya, nan take idona ya ga inda wuta ta yi yawa, ya ga inda aka yi ha'inci a murɗi. Na gaya wa mai shagon, ya yi murmushi ya ce in na fi su iyawa in je in ƙera nawa. Na biya na fito, domin gaskiya ya faɗa.

Abin da na koya shi ne, bambancin da ke tsakanin waɗannan baƙi biyu ba na wayo ba ne, ba kuma na ƙwazo ba. Ɗaya ya iso an riga an share masa hanya, ɗaya ya iso da hannunsa kaɗai, kuma irinmu 'yan ƙasa da ke tsakiya mu ne muke zaɓar wanda za mu ara wa ƙafa. Na raina wanda ya so ya mayar da ni mutum, na yi wa wanda ya mayar da ni ado fadanci, don haka duk rainin da nake yi wa Kwaran nan, kuma ina yi masa har gobe, bai kai rabin wanda nake yi wa kaina ba. Ku samarin da ake bi da romon baka ana neman sunanku a kan shago ko kamfani, ku tambayi mai neman me zai sa a hannunku bayan alƙalamin sa hannu. In ya fara kiranku habibi bai amsa ba, ku tashi ku koma wurin wanda ke ƙona muku yatsu yana koya muku abu, tun yana nan.