Matakin Baba Kyari

Baba Kyari direban gireda ne, motar nan mai doguwar wuƙa a ƙarƙashi da ake baje burji da ita. Shekara ashirin da tara yana wannan aiki a wata ƙaramar hukuma ta yankinmu, ba sai na kama suna ba. Kakansa Babarbare ne da fatauci ya kawo Babura, shi kuwa a wani ƙauye ya tashi can wajen Gwiwa. Ni sunana Muhammadu Lawal, walda nake yi a Kazaure, kuma ƙafarsa ce ta haɗa mu.

Tun yana saurayi ya faɗo daga kan tifa, ƙafar hagu ta karye, ɗorin bai yi kyau ba, ta gajarce. Matakin gireda kuwa don dogaye aka yi shi. Wata rana sai ga shi da giredar har bakin shagona, ya ce, "Lawal, ƙara mini mataki daga ƙasa, na gaji da rarrafe a gaban jama'a." Na yanko ƙarfen wani tsohon gado na liƙa masa. Lokacin hannuna bai faɗa ba, waldar ta fito duk ƙuraje, amma ta riƙe.

Mutum ne mai taurin kai, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya: injin gwamnati bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. Ko a wurin ɗaurin aure ka zauna kusa da shi sai ka ji wannan labari. Mukan tsokane shi cewa ya fi sanin tarin gireda a kan tarin matarsa Kellu. Ba ya musu.

Da giredar ta tsufa, injin ya tsage, ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai. Shi da kansa ya kashe ta ya kai rahoto tun kafin ta tsaya masa a hanya. Aka yi gwanjonta a matsayin tarkace, aka ɗora ta a babbar mota aka tafi. Shekara huɗu babu wata. Kullum sai ya zo ofis ya zauna gindin darbejiya har azahar. Hanyar ƙauyensu kuwa zaizaya ta cinye ta, da damina ko mai babur sai ya sauke fasinja. Duk ranar da ya je gida tambayar ɗaya ce: "Baba, yaushe?"

Sai aka ba wani ɗan kwangila aikin kawo sabuwar gireda. Ranar karɓa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, mutanen ƙauyensu suka cika mota guda suka zo. Ga ta nan rawaya shar, kujera a naɗe cikin leda, fenti sai ƙamshi yake yi. Aka kira Baba Kyari ya gwada ta. Ya ɗingisa ya kama ƙarfe, bai ko duba ƙasa ba, gajeriyar ƙafar nan ta ɗaga yadda ta saba. Ta sami mataki.

Ina tsaye kusa, na ga ya daskare. Na sunkuya na duba. Ƙarfen gado ne, da ƙurajen waldata, an lulluɓe su da fenti. Sun sauya fitilu, sun sauya lamba, amma ba wanda ya san wannan mataki ba daga kamfani ya zo ba. Wallahi tsohuwar giredarsa ce aka dawo da ita.

Ya tayar da ita, ya zaga fili sau ɗaya, ya sauko. Shugaban sashen ayyuka ya miƙa masa lasifika ya ce, "Baba Kyari, kai ne masani, yaya ka ji ta?" Ya dubi mutanen ƙauyensu. Saura mako uku ruwa ya sauka, kuma ya san in ya buɗe baki kwamiti za a kafa, a kulle motar sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Ya ce, "Sabuwa ce dal, ranka ya daɗe." Aka yi tafi, ya sa hannu a takarda.

Da na tare shi, cewa ya yi, "Na san halinta, Lawal. Zan lallaɓa ta mu isa ƙauyenmu." Kwana tara yana lallaɓawa, ya yi aikin awa ɗaya ya tsaya ta huce. Rana ta goma, ana hango rufin masallacin ƙauyen, ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta tsaya a tsakiyar hanya. Tana nan har yau, masu amalanke suna ratsewa ta gonar mutane.

Takardar da aka ba shi ta ce sakaci ne, aka sallame shi saura wata takwas ya yi ritaya. A kasuwar Roni na ji da kunnena wani yana nuna shi yana cewa, "Ga tsohon da ya kashe sabuwar gireda." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi a gida na ce, "Baba, mu je mu faɗa. Waldata ce, zan rantse da Alƙur'ani."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Wa ya ce sabuwa ce a lasifika? Ɗan kwangila bai ce uffan ba. Ni na faɗa."

Na miƙe zan tafi, ya kira ni. "In ka sami sarari, ka je ka yanke matakin nan. Babu mai sake taka shi."