Yadda Na Kashe Kawu Buba Saboda Albasa

"Kai, ɗan nan, kai ne ka kashe ni?"

Haka Kawu Buba na Masama ya fara mini waya yau da safe, ko sallama babu.

Ni ke kula da shafin labaran Gwandu da Kalgo. Rubutu ya yi mini yawa, sai na saita shafin ya riƙa duba kalmomi yana rarrabawa da kansa. In ya ga "taki" ya kai #Noma, in ya ga "Inna lillahi" ya kai #Rasuwa. Har ina jin ni gwani ne.

Ashe jiya Kawu ya sa hotonsa ya rubuta: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, awaki sun cinye mini irin albasa." Shafi ya kai shi #Rasuwa. Mutanenmu kuwa layin farko kawai suke karantawa.

Kafin hantsi mota biyu sun taso daga Kalgo. Ƙanwarsa ta shigo da kuka, ta tarar da mamaci yana shan fura.

A wayar na ce, "Kawu, ka gafarce ni, yanzu zan cire."

Ya ce, "Kada ka taɓa shi! Bar shi har gobe. Ina son in ga wanda bai zo ba."

Yanzu yana ƙofar gida yana amsar gaisuwar kansa.

Jama'a, in cire ko in bari? Wanda bai je ba dai, mamaci na kallon hanya.