Littafin da Zai Raba Saratu da Ƙwallo

Har yau ban manta da Talatar da Baba Ɗanladi ya shigo laburarenmu yana goge baƙin mai a jikin wandonsa ba. Daminar 2010 ce, Minna ta rikice da gasar kofin duniya, ni kuma ban cika shekara da fara aiki ba a matsayin ƙaramar mataimakiya a sashen aron littattafai.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, duk sabon ma'aikaci akan ba shi kanta guda ya kula da ita. Zai share, ya jera, ya kuma karanta abin da ke kanta, don in an tambaye shi ya san abin da zai ce. Na so a ba ni kantar waƙoƙi. Shugaban sashenmu, Malam Ndagi, ya ba ni ta wasanni, can ƙasa kusa da taga. Ni da ko filin ƙwallo ban taɓa takawa ba! Na karanta su dai, da farko don dole, daga baya don daɗi.

Baba Ɗanladi bakanike ne a unguwar Dutsen Kura, asalinsa mutumin garin Kuta. Ya tsaya gaban teburina ya ce, "'Yata, an ce ke ce mai littattafan ƙwallo."

"Ni ce, Baba. Akwai na dokoki, akwai na koyon wasa mai hotuna, akwai tarihin 'yan wasa. Wanne kake so?"

"Wanda zai sa mutum ya daina."

Na ɗauka raha yake yi. Ashe 'yarsa ce, Saratu, ɗalibar sakandare, take buga ƙwallo. Ranar Asabar za a zaɓi 'yan matan da za su wakilci makarantun jiha, malaminsu kuma ya ce duk wadda mahaifinta bai yarda ba kada ta zo. Baba kuwa ya ce bai yarda ba. Tun ranar Saratu ta daina dariya a gida.

"Ta fi jin maganar littafi a kan tawa," in ji shi. "Samo mini wanda aka karya wani a ciki."

Na shiga ofishin Malam Ndagi na ce, "Yallaɓai, akwai irin littafin da yake nema, tarihin wani mai tsaron gida da gwiwarsa ta lalace. Amma zuciyata ba ta so."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ba ke za ki raba masa gardamar gidansa ba. Ba shi abin da ya tambaya. Amma ki ba shi duka, kada ki tsinto masa shafi ɗaya."

Na kawo littafin. Baba ya jujjuya shi, ya ce Turancinsa na sunayen kayan mota ne kawai, kuma ba zai kai wa 'yarsa abin da bai ji da kunnensa ba. A ɗakin karatu ba a magana, don haka muka shirya ya riƙa zuwa lokacin hutun rana, in karanta masa a gindin mangwaron da ke harabarmu, ina mayar masa da Hausa.

"Fara daga wurin karayar," ya ce.

"Baba, ban iya fara labari daga ƙarshe ba."

Na fara daga yarintar mutumin, yadda yake tsayawa tsakanin duwatsu biyu ba takalmi, ruwan sama na dukansa, shi kuwa ji yake duniya duka ta taru a cikin ƙwallon da ke tahowa. Washegari da muka kai wasansa na farko a babban fili, sai Baba ya zabura.

"Tsaya! Ya fito daga raga alhali na bayansa ba su dawo ba? Wannan ai ganganci ne!"

Ya miƙe, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, wai ita ce ƙwallon. Ya durƙusa, ya ware hannuwa, yana nuna mini yadda ake rufe kusurwa. Mutum mai furfura, da kayan aiki a jikinsa, yana tsalle kamar ɗan akuya. Na yi dariya har littafin ya faɗi daga cinyata.

Ranar Juma'a muka kai babin karayar. Na karanta a hankali, ban rage komai ba: asibiti, sanda, abokan da suka daina zuwa. Da na gama, Baba ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini wani dogon tabo a gwiwa.

"Shekara bakwai ina tsare wa ƙungiyar Kuta gida," ya ce. "Wannan ya zaunar da ni. Ba na so ta ji irin ciwon nan."

Ban shirya tambayar ba, fitowa kawai ta yi. "Baba, da za a mayar da kai baya, za ka ƙi bugawa?"

Sai ya fashe da dariya.

"In ƙi? 'Yata, ranar da na kama fenariti, matan kasuwa sun tara mini doya sai da aka kira amalanke! Uwar Saratu ma a bakin fili ta fara ganina."

Ya daɗe yana ba ni labari, har hutuna ya ƙare. Da zai tafi, ya mayar mini da littafin, ya ce, "Wancan mai hotunan fa? Akwai yadda ake motsa jiki kafin wasa, don kada a ji ciwo?"

Na ce akwai babi guda. Na buɗe masa katin aro da sunansa, na buga hatimi.

Ranar Asabar na shiga filin ƙwallo karo na farko a rayuwata. Baba Ɗanladi ya kawo Saratu a kan babur ɗinsa, ya sa ta yi ta miƙe ƙafafu kamar yadda hotunan suka nuna, tana ƙorafi yana cewa saura kaɗan. Da aka fara, ta zura biyu. Yana ihu, yana kuma faɗa.

"Dubi abin kunya! 'Yar mai tsaron gida ta zama mai wulaƙanta masu tsaron gida!"

Aka kira sunanta cikin waɗanda aka zaɓa. Ta rugo ta rungume shi, ya ce ta sake shi kada ta ɓata rigarta da mai, amma shi bai sake ta ba.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan. Mutum zai zo ya faɗi littafin da yake so, ku ba shi, kada ku yi masa wayo, kada ku yi masa wa'azi. Ku dai ba shi cikakke, ku zauna ku saurare shi. Sau da yawa amsar tana wurinsa tun kafin ya shigo, wanda zai karanta masa daga farko kawai ya rasa.